Ƙulli Uku a Bakin Gonar Sati

Asabar, 6 ga Oktoba, 1951
Shekaranjiya muka binne Jinaidu. Shekararsa goma sha biyar. Na rubuta ne in ga ko hannuna zai yarda, ya kuwa yarda, mara kunya.

Litinin, 8 ga Oktoba
Bari in ajiye yadda abin ya faru tun mutane ba su gyara mini shi ba. Ina Beri wajen aikin hanya, yaron ya biyo lori daga Kontagora ya kawo mini wankakkun kaya. Ya kwana. Da sassafe ya tafi ƙauyen ƙetaren rafi kiran shugaban lebura, ya ratsa ta gonar wani mutum wai shi Sati. Shi kuwa Satin ya ɗana wa aladun daji bindiga a cikin rogonsa, ya gitta igiya a hanya. Ƙafar ɗana ta taɓa igiyar.

Ina shan koko na ji ƙarar. Har na ce, "Wani ya samu nama."

Ƙusoshi da fasasshiyar tukunyar ƙarfe ya ɗura mata. Ni na yi wa yaron wanka, na san abin da na gani.

Alhamis, 11 ga Oktoba
Sadakar bakwai. Haƙuri, haƙuri, sai ka ce akuyata ce ta ɓata. Malam Mahmudu hedimasta ya zo da 'yan ajinsu. Ya ce sunan Jinaidu ya fito, an ɗauke shi makarantar Midil ta Bida. Da ma ya riƙe bakinsa. Uwarsa Hadijatu ta ji daga ɗaki, sai da mata biyu suka danne ta.

Laraba, 17 ga Oktoba
An yi shari'a. Wai tsautsayi. An karɓe bindigar, an sallami mutumin. Gajere ne, baƙi, Hausarsa ma a karye. Ya biyo ni har bakin ƙofa yana, "Malam, na ƙulla, na ƙulla." Ban san me ya ƙulla ba, ban kuma tambaya ba. Na tofa yawu a gabansa.

Yana cin tuwo yau. Ɗana yana cikin ƙasa, shi yana cin tuwo.

Lahadi, 21 ga Oktoba
Tsohuwa Zulaihatu ta maƙwabta ta shigo da wasiƙar ɗanta, ta tsaya a tsakar gida ta kira, "Jinaidu!" sannan ta tuna. Shi ke karanta wa unguwar nan wasiƙa, boko da ajami. In labarin mai ɗaci ne sai ya ƙara gaisuwar da babu ita a takardar. Ni ma bai bar ni ba, cewa yake rubutuna kamar kaji sun yi tono.

Ni na karanta mata. Ban iya ƙara komai ba.

Asabar, 27 ga Oktoba
Ba wuƙa ba, ba guba ba. Igiya. Yadda Sati ya yi wa nawa. Na san hanyar da yake bi zuwa rafi. In an tambaye ni, ni ma in ce tsautsayi.

Talata, 30 ga Oktoba
Na je wajen Kyauta, tsohon maharbin da ke bayan kasuwa. Na ce aladu sun dame ni a gona. Ya dube ni, ya dubi hannuna da bai taɓa yin kantar noma ba. Ya ara mini tsohuwar bindiga harba-ka-ruga, ya ce in dawo Asabar ya nuna mini yadda ake ɗanawa.

Hadijatu ta gan ta a ƙarƙashin gado. "Malam, ɗaya bai ishe mu ba?" Na ce ta fita harkata.

Asabar, 3 ga Nuwamba
Kyauta ya kai ni bayan gari. Ina ɗoki ya nuna mini turaku da igiya da kunamar bindiga, shi kuwa ya tsaya yana wasa da ciyawa. Ya kama gamba a bakin hanya ya yi mata ƙulli uku, kawunan suna duban ciki. Na ce, Baba, ba kitso na zo koya ba.

Ya ce, "Wannan ne farko, Malam. Ba a ɗanawa sai an ƙulla, gaba da baya. Ɗan shekara biyar a ƙauye ya ga wannan, ya san mutuwa na ciki."

Na ce, wanda bai sani ba fa?

Ya ce, "Ubansa bai gaya masa ba ke nan."

Tsohon banza. Ya san abin da yake yi.

Litinin, 5 ga Nuwamba
Na hau keke na koma Beri, bakin gonar Sati, in duba ko akwai ƙullin nan uku. Suna nan. Sun bushe, amma suna nan, uku, daidai ƙirjin yaro. Dole sai da Jinaidu ya ture su da hannu kafin ya wuce.

Talata, 6 ga Nuwamba
Abin da ban rubuta ba ranar takwas ga watan jiya: ni na ce masa ya yanke ta gonar, ya fi kusa. Ni kuma na hana shi zuwa gona tun yana ƙarami, wai ɗan malamin hanya ba ya riƙe fartanya.

Duk da haka, mutumin banza ne ke cusa ƙusa a bindiga ya tafi ya kwanta. Ba zan sauke masa laifin ba.

Jumma'a, 9 ga Nuwamba
Ban ci komai ba. Na goge bindigar.

Talata, 13 ga Nuwamba
Arba'in. Bayan addu'a na roƙi Malam Mahmudu ya ba ni yaran makaranta na awa ɗaya ranar Alhamis, da sunan Jinaidu. Na kuma aika Beri a gaya wa Sati ya zo. Ya tsaya gaban abokan wanda ya kashe, su kalle shi, ya ji yadda ake ji. In bai zo ba, na san hanyar rafi.

Alhamis, 15 ga Nuwamba
Ya zo. A ƙasa, tun jiya ya taso. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. An ce ya bar rogon, aladu sun cinye.

Na fito da yara sittin da biyu bayan makaranta inda gamba take. Na tambaya wa ya san ƙulli uku. Huɗu ne suka ɗaga hannu. Huɗu! Na ce, to, ga wanda ya kashe Jinaidu, zai nuna muku. Haka na faɗa, da ƙarfi, ban kuma yi nadama ba.

Ya durƙusa ya kama ciyawar. Ya ƙulla ta kwance, ya sake ƙullawa ta kwance. Wani yaro ya yi dariya, na daka masa tsawa, ban san dalili ba. Sati ya ɗago ya ce, "Malam, hannu ya ƙi."

Rana tana yi, yara suna jira, dole wani ya riƙe masa gindin ciyawar. Ni ne kusa.

Riƙewa kawai na yi. Ban yafe ba, kada wani ya ce na yafe. Malam Mahmudu ya ce a riƙa yi duk shekara kafin kaka, na ce sai dai a nemi mai hannun kirki.

Hadijatu ta ba shi ruwa. Ban hana ba, ruwa ne.

Asabar in Kyauta ya shigo kasuwa ya biyo ya ɗauki abarsa, ta tare mini wuri a ɗaki.