Kuzar da Ta Sha Sanyi

Ingila, Oktoba 1957

Yaya Baturiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan an yi kaka lafiya. A gaishe da Iya da Kawu Maikano.

Kin ce in faɗa miki aikin da nake yi. Ƙarfe muke sanyayawa, da sanyin da ko iska ta shige shi sai ta daskare. Wani masani a ƙasar Holan ne ya fara gwadawa da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi, a 1911, ya ga idan sanyi ya kai matuƙa, lantarki yakan ratsa ta ba abin da ke tare shi. Mu da kuza muke yi, irin wadda Kawu ke wankewa a Riruwai, bayan an narke ta an tace.

Malamina yana so in ƙara shekara guda mu kammala. Ina so ƙwarai, amma sai da yardar Iya. Ki lallaɓa mini ita.

Ƙaninki,
Ɗahiru

Tudun Wada, Nuwamba

Ɗahiru,

Muna lafiya, amma ka ja mini. Na karanta wa Iya takardarka mata suna sussuka a tsakar gida. Ina kaiwa wajen iska mai daskarewa, sai Iya ta saki taɓarya ta hau salati. Kafin la'asar unguwa ta ɗauka Turawa sun kulle ka a ɗakin ƙanƙara. Har jaje aka zo mana.

Kawu kuma ya ce tun yana saurayi yake cikin kuza, da sanyin asuba ma ya sha taɓa ta, bai ga ta yi wani abin kirki ba.

Maganar Iya ke nan: "Ba da yawuna ba. Ya tattaro ya dawo da sauran yatsunsa." Ka yi wani abu, da gaske take.

Yayarka,
Baturiya

Ingila, Disamba

Yaya,

Na yi dariya, daga baya hankalina ya tashi. Don Allah ki gaya wa Iya sanyin yana cikin wata kwalba ce da ba ta fi tulu ba. Ni ina waje, gumi ma nake yi.

Ga hoto. Baƙin abin nan da ke cikin kwalbar mayen ƙarfe ne, yana tsaye a sama bisa kwanon darma, ba zare ba komai. Darmar ce ke ture shi idan ta sha sanyi, kuza ma haka take yi. Bana wasu masana a Amurka suka gano dalilin wannan al'amari: a cikin sanyin, ƙwayoyin lantarki bibbiyu suke tafiya. Wanda ke gefe yana washe baki, ni ne.

In Iya ta ce a'a, zan dawo.

Ɗahiru

Tudun Wada, Janairu 1958

Ɗahiru,

Iya ko kallon mayen ƙarfenka ba ta yi ba. Ta ƙirga yatsunka, ta ce ka yi kumatu, sannan ta ce, "Shekara guda, Allah Ya yi albarka." Kawu ya rantse akwai zare.

Tasalla 'yar maƙwabtanmu, wadda kake tuntuɓe in ka gan ta, ta ari hoton wai za ta nuna wa babarta. Har yau bai dawo ba. Ka aiko mana da wani.

Baturiya