Na Ce "Shi Ne", Aka Ji "Su Ne"

Assalamu alaikum Anti Turai,

Don girman Allah ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ki ba ni shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Innata tana kwance a ƙauyenmu wajen Gwashi da karayar hannu, ni ina Gummi, kuma maigidana ya ce ba zan je ba. Abin da ya jawo duk wannan, ko da za ki yi dariya, babur ne.

Tun ina sakandare nake karatun littattafan soyayya, ba na ɓoyewa. A cikinsu miji yakan zo ɗaukar matarsa da mota, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga gida. Ni ban haukace ba, na san tela na aura, don haka na yi ta rage burina har ya dawo daidai babur. Abin da nake so kawai ya goya ni da yamma mu bi ta bakin gulbi, in riƙe gefen rigarsa, iska tana kaɗa mayafina. Shi da bakinsa ya yi mini wannan alkawari lokacin da yake zuwa zance. Ban roƙa ba.

Bayan bikinmu ya sayo ƙaramin babur ɗan China, na hannu, irin wanda ake ce wa roba-roba. Ja ne. Ranar ko abinci ban iya ci ba don murna. Da ya tayar da shi a tsakar gida na ce masa cikin wasa kukansa kamar na keken ɗinkinsa. Ya yi murmushi. Washegari ya kwance shi.

Tun daga nan ban ƙara ganin babur ɗin a haɗe na tsawon mako ba. Ba ya kai wa bakanike, wai su guduma kawai suka sani. A waya yake koyo, wurin wasu mutane masu yaren da ba ya ji, hannuwansu kawai yake kallo. Yau ya cire robobin jiki wai nauyi ne, gobe ya sake haƙoran da sarƙa ke hawa don ya ƙara gudu, jibi fulogi, gata shokozoba. Langar da Inna ta sa mini a kayan ɗaki, a cikinta yake wanke kabireta da fetur. Ɗankwalayena sun zama tsumman goge baƙin mai. Akwai ranar da kazata ta haɗiye masa wata 'yar kusa, ya wuni yana bin ta da tsinke yana tona kashinta. Ni ko ciwon kai na yi sai in faɗa har in gaji kafin ya ɗago.

Duk lokacin da na ce yaushe za a goya ni, amsar ɗaya ce: "Bari in gama shi." Wai ba zai ɗora ni a kan abin da bai kammala ba. Anti, babur yana gamuwa?

Yana da abokai biyu, Mu'awiya da Audu, su ma ciwonsu ke nan. Su suka zauna a zaurenmu suka yanke salansa, suka zare ƙarfen da ke ciki mai danne ƙara, suka kai aka liƙe da walda. Da ya tayar da shi sai da awakin maƙwabta suka tsinke igiya. Ya kalle ni yana dariya ya ce, "Yanzu fa, keken ɗinki ne?" Ƙarfen da ya cire yana nan, da shi nake tokare ƙofar madafa.

Kada ki ce mugun mutum ne. Bai taɓa zagina ba, ba na kwana da yunwa, kuma kayan da ke jikina duk ɗinkinsa ne. Wannan ma yana cikin abin da ke cin raina, don ba ni da inda zan kai ƙara.

Yayata Sahura ta haihu a gida, haihuwar fari. Na riga shi tafiya, mota zuwa Bukkuyum, daga can kabu-kabu. Ya yi mini alkawarin ranar suna bayan la'asar zai zo da babur a game, ya goyo ni zuwa gida. Na yi lalle, na yi kitso, na sa sabon leshi, na gaya wa duk 'yan matan gidanmu.

Kin san halin da ƙauyukanmu ke ciki. A can ba a kiran sunan mutanen daji, "su" ake cewa. Kunnen kowa yana kan ƙarar babur, har yaran da ba su iya magana ba. To maigidana da abokansa ba su biyo babbar hanya ba. Sun ratso ta daji ta yamma, wai za su gwada sabuwar shokozoba. Babura uku, duk babu ƙarfen salansa.

Muna tsakar gida ana raba tuwo aka fara jin ƙarar daga nesa. Gidan ya yi tsit. Na ga mata sun tsaya da ludayi a hannu. Ni kaɗai nake murmushi, don na gane kukan babur ɗinsa, yana da wata 'yar shaƙuwa in ya sake giya. Na miƙe don in kwantar musu da hankali. Amma ga Inna, ga gwaggonnina, ga Baba a bakin zaure. Ban taɓa kiran sunan mijina a gabansu ba, bakina ba zai iya ba. Sai na ɗaga murya na ce, "Shi ne, shi ne."

Aka ji "su ne".

Anti, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mata suka taka danga suka wuce, tukunyar miya ta kife, Sahura ta shige ƙarƙashin rumbu da jaririyar. Ina ta cewa shi ne, ana ta ƙara gudu. Inna ta suri wani jikanta ta nufi bayan gida, taɓarya ta harɗe ta. Don kada ta faɗa kan yaron ta tokare da hannu ɗaya. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake tsaye.

Maigidana da abokansa kuwa, 'yan sa-kai suka tare su a bakin gari, suka kwantar da su rub da ciki cikin turɓaya, da bindiga a ƙeyarsa, yana sanye da sabuwar shaddar da ya ɗinka don ranar. Sai da Baba ya je ya ce surukinsa ne aka ɗaga su. A gaban jama'a Baba ya ce masa, "Duk ran da za ka zo gidana, ka taho da ƙahwa." Maigidana bai shiga ya ga Inna ba. Ya hau ya juya. Washegari Baba ya sa ni a mota ya ce in koma ɗakina.

Maɗori ya ɗaure hannun Inna, ya ce sai ta daɗe ba ta ɗaga ko moɗa ba. Sahura tana wankan jego. Wa zai yi daka, wa zai ɗebo ruwa, wa zai ɗaura wa Inna zane? In na kira ta sai ta ce babu komai, in zauna ɗakina, amma ina jin yadda take jan numfashi. Na roƙi maigidana har da kuka. Ya ce, "Ba ni komawa garin da anka kwantar da ni kamar akuya, kuma matata ba ta zuwa." Har yau ko sannu bai aika mata ba. Ya ce ma laifina ne, da na kira sunansa da babu wanda zai gudu. A ƙauye kuma na ji yara sun sa mini suna Su-ne.

Babur ɗin yana nan jingine. Tun ranar bai tayar da shi ba, da ƙafa yake zuwa shago. In ya dawo sai ya zauna kusa da shi yana goge-goge. Ni kuma in na kalle shi sai in ga hannun Inna. Littattafan ma na ajiye su, in na buɗe haushi nake ji.

Abu biyu ke zuciyata. Ko in zuba yashi a tankin in huta da ganinsa, ko in ɗauki mayafina in tafi ba da izininsa ba. A littafi in mace ta tafi, miji yakan rame ya biyo ta yana ba da haƙuri. Amma ni yanzu ban san abin da zan gaskata ba. Har yau ko sau ɗaya bai goya ni ba.

Taki cikin damuwa,
Mai Jiran Goyo, Gummi

Wa alaikumus salam 'yata,

Allah ya ba Inna lafiya, ya raya abin da Sahura ta samu. Ban yi dariya ba. Abin da ya faru ya kusa cin rai, ki gode wa Allah da ya tsaya a hannu.

Ki bar maganar yashi. Inji zai mutu, hannun Inna ba zai warke ba, kuma daga ranar laifin ya tashi daga kansa ya dawo kanki. Tafiya ba izini ita ma haka. Babanki da ya sa ki a mota zai sake sa ki. Mazan littafi marubuci ne ke ramar da su. Naki mutum ne da aka kwantar a ƙasa a gaban surukansa, zai iya ƙara bushewa.

Mijinki yana da laifi, kuma ba ƙarami ba. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san abin da ƙarar babura daga daji ke nufi. Mutanen ƙauyenku ba wauta suka yi ba, sun yi abin da ya daɗe yana tsirar da su. Rashin gaida Inna kuma babu abin da zai wanke shi. Ke kuwa ba ki da laifi a "shi ne". Kin yi kunyar da aka tarbiyyantar da ke a kai. Da salansar tana da ƙarfenta, da babu wanda zai buƙaci ki kira sunan kowa.

Sai dai ki koma ki karanta wasiƙarki. Kin ce masa kukan babur ɗinsa kamar keken ɗinki, washegari ya kwance shi. Da ya fasa salansa, ke ya fara tambaya ko har yanzu keken ɗinki ne. Ya ɗinka shadda don ranar ɗaukarki. Ina ganin ku biyun mafarki ɗaya kuke yi: ke kina jiran wanda zai zo ɗaukarki kowa ya gani, shi yana so ya zo kowa ya ji. Sannan kin ce tun ranar bai tayar da babur ɗin ba. Da taurin kai ne, da ya ci gaba da hawa. Wannan kunya ce ta kama shi, ya rasa ta inda zai fita, sai ya tsare ki a gida don kada ya zauna cikinta shi kaɗai.

Ga abin da za ki yi. Ki raba maganar biyu, tafiyarki daban, zuwansa daban. Kada ki ce ya kai ki, ki ce ya bar ki ki yi jinya. Ki sami lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki faɗa masa abin da nake zaton babu wanda ya faɗa masa, cewa abin da aka yi masa a bakin gari ya yi miki ciwo. Daga nan ki gaya masa wa ke ɗaura wa Inna zane. In ya ƙi, kada ki tsaya jira. Ki je wurin mahaifiyarsa ko wani babba da yake jin nauyinsa, a cikin makon nan. Jinyar uwa ba abin da za a hana ɗiya ba ne, kuma manyansa sun sani.

Sai ki cire ƙarfen nan daga ƙofar madafa, ki wanke shi, ki ajiye a kan sirdin babur ɗin, kada ki ce komai. Hannun da ya cire shi ya san yadda ake mayar da shi. Gyaran babur da hannu ba aibi ba ne, ya rage muku zuwa wurin bakanike. Ki nema masa tsohuwar roba ki karɓi langarki.

Maganar Babanki kuma ba kora ba ce. Bai ce kada ya zo ba, ya ce ya zo da ƙafa. Tun da can suruki yakan sauka daga abin hawa kafin ya kai ƙofar gidan surukai. In kina can kina jinya, shi zai iya biyo babbar hanya da rana, ya kashe inji a bakin gari, ya turo shi da hannu, ya durƙusa ya gaida Inna. Wanda ya gan shi a kwance zai gan shi a haka, kuma wannan za a riƙa faɗa. Sunan da yara suka sa miki, ki yi dariya in kin ji, zai mutu da kansa.

Ban ce ki ƙona littattafanki ba. Ki karanta, amma kada ki auna telanki da su. Goyon babur zai iya jira, 'yata. Wadda ta fara goya ki ita ce ke kwance, ki fara zuwa wurinta. In Allah ya so, a hanyar dawowa za ki riƙe gefen rigar nan.

Allah ya daidaita ku, ya zaunar mana da ƙauyukanmu lafiya.

Anti Turai