Ashe Ba Raki Ba Ne

Daren Alhamis, Birnin Gwari

Yau Kawu Sale ya zo daga Kakangi. Na kai musu tuwo shi da Baba, sai ya tambaye ni abin da nake bincike a kai a jami'a. Na ce ƙaiƙayi. Ya yi dariya har da tari.

"Mutane na gudun 'yan bindiga, ke kina Zariya kina karatun susa?"

Raina ya ɓaci, amma na durƙusa na yi bayani. Na tuna masa yadda Baba kan kwana uku yana susa har jini in ya sha kulorokwin, maganin ƙaiƙayi ba ya yi masa komai, har ana cewa raki ne. Na ce a cikin fata akwai wasu ƙwayoyin halitta cike da abin da ke tayar da ƙaiƙayi, kuma ƙofarsu ba ɗaya ba ce. Maganin da aka saba sha hanya ɗaya yake tarewa. Ƙofar da wasu magunguna ke bugawa, ita nake nazari.

Baba bai taɓa tanka mini kan karatuna ba, har na ɗauka haƙuri kawai yake yi da ni. Yau ya ajiye lomarsa.

"Ashe ba raki ba ne," in ji shi. "Sale, ba ka taɓa kwana kana yagar fatarka ba. Bar ta ta koma ta gama."

Na kwashe kwanuka da sauri don kada su ga idona. Har yanzu murmushi nake ni kaɗai.