Maɓallin da Nake Tsallakewa

Kaka,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafarki, yaya su Tavita? Lafiyata ƙalau a Brisbane, kukan kewar gida ma ya ragu.

Jiya na kaɗa wa Malama Pritchard kiɗan da na tsara a fiyano. Ta yaba, amma ta ce, "Teuila, maɓallin nan da kike tsallakewa kullum, me ya yi miki? Saka shi, ko ki rasa maki a jarrabawa."

Kunya ta hana ni faɗa mata cewa a fiyanon cocinmu, inda kika koya mini, maɓallin ya daɗe da mutuwa. Na saka shi, sai kiɗan ya daina kama da gida. Na cire.

Ki yi mini addu'a ranar Juma'a, ranar jarrabawar ke nan.

Jikarki,
Teuila