Robar da Na Gani a Bayan Hotonki

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya sana'a, ya maigidan, ya ɗan naki, Lukutina? Na san za ki yi dariya, ni da waya ba ta barin hannuna yau na ɗauki biro. To saƙon waya kina buɗewa ki yi gum, shi ya sa.

Na ga hoton sabulun ruwanki da kika ɗora, tubarkalla, har na tura wa ƙawayena. Amma kin san halina, ba na ganin hoto ban ja shi da yatsa ba. A bayan bokitin akwai buhun soda mai tambarin jan layi, a ciki an zana hannu ana ɗiga masa abu yana cinyewa. A wurin wankin da nake aiki, tun ranar farko shugabarmu ta nuna mana irinsu. Wannan yana nufin abin yana cin fata, yana kashe ido. Mai ƙoƙon kai guba ne, mai harshen wuta kuma a nisanta shi da murhu.

Buhun bai dame ni ba, shi ai yana faɗin abin da ke cikinsa. Abin da ya hana ni sukuni ita ce robar ruwan da kika juye jiƙaƙƙiyar sodar a ciki, ba rubutu ba zane, garau kamar ruwan sha, ga kofin Lukuti a gefe. Yaron da ya fara tafiya, ko takalmi ya samu baki yake kaiwa. Ba koya miki nake ba Yaya, ke kika goya ni. Amma don Allah ki ɗauke ta.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ya jikin naki? Maigidanki ya kira ni jiya, ya ba ni labari tas, kar ki yi masa faɗa.

Ashe haushina kika ji, kika ce yarinyar da ba ta gama makaranta ba ta zama likita, kuma Lukuti ko kallon wannan lungun ba ya yi. Sai kika ɗauke robar, kika aje sabuwa irinta da ruwan sha zalla, kika kunna kyamara don ki turo mini ki rufe mini baki. Maigidan ya ce ko juya baya ba ki gama yi ba, yaro ya tafi dagwai-dagwai ya rungumo ta, ya kafa baki yana miki dariya. Ke kuma kika zauna a ƙasa kika fashe da kuka.

Ni ma na yi kuka, a bayan injin wanki, har abokiyar aikina ta zaci saurayi ne.

Na ga sabon hoton, kabad da kwaɗo, kowace roba da sunanta da zanenta. Sai dai ki gaya wa maigidan hannun da ya zana ƙafar kaza ce, zan kawo muku na gaskiya ku manna. Bidiyon nan kuma ki bar ni in ɗora, masu sabulu a gida suna da yawa, kowacce ta faɗi inda take aje nata.

Ki sumbatar mini bakin nan mai shan komai.

Taki har kullum,
Auta likita