Maɓallai Tara a Kan Teburin Baba

Zuwa ga ƙanena, Autan Umma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yaronku, takwaran Baba. Allah ya raya mana shi, ya sa albarka a aikinka, ya kuma sauƙaƙa muku sanyin nan da kake ta yi mana kukansa a waya kamar kai kaɗai aka saukar wa. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi sosai, har ta koma hawa bene ta shanya kaya duk da an hana ta. Yarana suna nan suna cinye min gida. Ni kuma bana aji huɗu aka ba ni, yara hamsin da biyu, kullum sai na dawo da muryar da ba tawa ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne duk lokacin da ka kira, Baba na zaune kusa, kuma ka san tun da idonsa ya yi rauni kunnensa ya ƙara kaifi. Shi ya sa ka yi ta jin labarin aikin idonsa guntu-guntu, har ka yi fushi da ni ka ce na zuba ido ya ƙi zuwa asibiti. Ban ji haushinka ba, don ni ma a wancan watan ban san inda zan sa kaina ba. Yanzu da hankali ya kwanta, bari in ba ka labarin tun daga tushe.

Ka dai san yanar da ta rufe masa ido. Shekara huɗu ke nan ba ya iya zura zare a allura, sai Umma ta zura masa goma ta soke su a jikin labulen shago kafin ya fara aiki. Daga baya ma yankan yadi ya gagara, ya koma gyaran tsofaffin kaya da laluben hannu. Da likitan ido ya duba shi, ya ce yanar ta nuna, a cire ta kada a ja lokaci, don in aka bar ta tana iya jawo wata matsalar da ba ta gyaruwa. Likitan ba kullum yake zuwa asibitinmu ba, sai bayan watanni, kuma mutanen da yake ɗauka ƙidayayyu ne. Da ƙyar sunan Baba ya shiga, aka ba mu ranar Talata ta ƙarshen wata. Har mun fara murna.

Sai wata safiya, yana shan shayi a bakin shago, rediyonsa na kan keken ɗinki kamar kullum, aka yi wani shiri a kan lafiyar al'umma. A ciki aka ce matsakaicin tsawon rai a ƙasar nan shekara hamsin da biyar ne. Baba ya ajiye kofi, ya lissafa a yatsu, ya ga shi yana da sittin da shida. Da na biyo da yamma daga makaranta, na same shi cikin fara'a, ya ce min ashe shekara goma sha ɗaya ke nan yana cin rara bai sani ba. Na yi dariya, na ɗauka barkwancinsa ne na yau da gobe. Kwana biyu bayan haka ya kira tela maƙwabcinsa ya ba shi babban almakashinsa kyauta, wanda ko mu bai taɓa bari mu taɓa ba. Ya sa aka mayar wa mutane yadikansu. Sannan ya ce min in je asibiti in ce a goge sunansa.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne ba cikin baƙin ciki yake faɗa ba. Ya ce ya san ajali na hannun Allah, ba na hannun rediyo ba. Amma ya ce ranar da muka je rubuta suna ya zauna kusa da wani direba mai ƙananan yara wanda bai samu shiga ba, kuma bai ga dalilin da mutumin da ya riga ya ƙetare lissafi zai tare wa mai iyali layi ba. Ya ce shi ya ga duniya, ya ga auren 'ya'yansa, abin da ya rage masa zai iya lalubawa. Wallahi Auta, na fita bayan shago na yi kuka, don ban san yadda ake yi wa mutum gardama a kan kirkinsa ba.

Na gwada iya ƙoƙarina. Na kawo masa misalin makin jarrabawa, na ce in yaro ɗaya ya ci sifili, sai ya ja matsakaicin aji duka ƙasa, ko da sauran sun ci da kyau. Ya ce in riƙe lissafin 'yan aji huɗu, shi ba ɗalibina ba ne. Na ja shi awon jini, na raɗa wa ma'aikaciyar jinyar da ke duba shi abin da ake ciki. Baiwar Allah ta ajiye biro ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ta ce wannan adadin na jaririn da aka haifa yau ne, ba na dattijo ba, kuma duk yaron da ya rasu yana goye yana jan adadin ƙasa fiye da yadda tsoho ke ɗaga shi. Ta ce wanda ya riga ya haye sittin, yawanci akwai sauran shekaru masu dama a gabansa. Ta ƙara da cewa abin da ke ɗaga lissafin shi ne ruwa mai tsabta, da riga-kafi, da haihuwa a hannun ungozoma mai horo, da uwa da ta yi karatu har ta iya duba katin ɗanta. Baba ya saurara, ya sa mata albarka. Muna fita ya ce yarinyar tana da tarbiyya, amma ai aikinta ne ta kwantar wa tsofaffi hankali.

Ban goge sunan ba, na ɓoye masa. Ranar Asabar, saura kwana uku, sai Umma ta yi abin da ya kamata mu yi tun farko, ta aika wa Gwaggo. Ka san yayar Baba, shekara saba'in da tara amma har yau ita ke zuwa kasuwa da kanta, kuma ita kaɗai ce a duniya ke kiransa Ƙarami. Ta iso da hantsi da sandarta da jakarta, ko zama ba ta yi a cikin gida ba ta wuce shago. Ta ce ta ji labarin wai ya gama, ta zo ta ga ko da abin da zai bar mata. Baba ya yi dariya ya maimaita mata zancen rediyo. Ta juyo ta ce in faɗa mata yadda ake fitar da wannan lissafin, amma a taƙaice, ba irin na malaman makaranta ba. Na ce ana tara shekarun kowa ne a raba da yawan mutanen. Ta ce to ai da sauƙi, a yi na ɗakinsu.

Sai ta jawo gwangwanin maɓallai na Baba ta zazzage a kan teburin yanka. Ta zaɓi manya huɗu irin na kwat ta jera. Ta ce wannan ita ce, wannan ƙanwarta mai saba'in, wannan Baffa da ya rasu yana saba'in da biyu, wannan kuma Ƙarami. Baba ya ce shi ke nan, su huɗu ne. Ta ce wa ya gaya masa. Ta koma cikin tarin ta tsinto ƙanana guda biyar, fararen nan na rigar jarirai, ta shiga jera su a tsakanin manyan, kowanne a inda haihuwarsa ta faɗo. Auta, mahaifiyarsu tara ta haifa. Ni ban sani ba, kuma Baba kansa uku kawai ya taɓa ji cikin biyar ɗin, biyu kuwa ranar ya fara jin labarinsu. Gwaggo ta kira kowanne da sunansa. Ɗaya kwana uku ya yi. Ɗaya shekara guda, gudawa ta ɗauke ta. Ɗaya biyu, ɗaya uku, dukansu ƙyanda, a wata guda. Na ƙarshen yana da huɗu, zazzaɓi ne, kuma ita ce ke goya shi. Ta ce har yau in ta tuna, sai ta ji ɗuminsa a bayanta.

Ta miƙo min allin yanka ta ce in tara. Na rubuta a kan teburin, ya ba ni ɗari biyu da casa'in da bakwai. Na raba tara, ya fito talatin da uku cif. Gwaggo ta ce ma sha Allah, ashe ita ta mutu shekara arba'in da shida da suka wuce ba wanda ya sanar da ita, ga shi tana ta wahalar da kanta da maganin gwiwa. Ni da Umma muka fashe da dariya, hawaye na zuba. Baba bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu yana laluben teburin, yana taɓa ƙananan maɓallan ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wannan wane ne, Gwaggo na maimaita masa. Can sai Umma ta ɗauko wani ƙaramin ta ajiye a gefe. Ka san tsakanina da Yaya Malam akwai yarinyar da ba ta kai shekara ba. Ba a zancenta a gidanmu, amma ranar an yi.

Daga baya Baba ya tambayi Umma su nawa suka haifa, kamar bai sani ba. Ta ce shida, biyar na raye. Ya tambayi jikoki, na ce goma sha ɗaya da naka, kuma duk suna nan. Ya gyaɗa kai, ya ce ashe shekarun da suka ɓace a lissafin na waɗannan ƙananan ne, ba nasa ne suka yi yawa ba. Gwaggo ta ce sai yanzu ya gane abin da ko akuya za ta gane. Ta ce maganar direba kuma, in tausayinsa yake ji, ya buɗe ido ya raka shi da ƙafarsa a rubuta sunansa a zuwa na gaba, don zaman duhunsa ba zai ƙara wa kowa gani ba.

Washegari da safe sai ga Baba a ƙofar maƙwabcinsa, wai ya zo aron almakashinsa. Mutumin ya fito da shi yana dariya, ya ce dama a nannaɗe ya ajiye, ya san kyautar ba mai daɗewa ba ce. Ranar Talata muka je. Aikin bai kai yadda muka tsorata ba, kafin Umma ta gama addu'o'inta an turo shi da auduga a ido. Da aka buɗe washegari, ya daɗe yana kallon bangon ɗakin, sannan ya ce ashe kore ne, shi duk zuwan da yake yi toka-toka yake gani. Ido ɗaya aka yi, na biyun sai likita ya dawo, kuma direban nan yana cikin jerin, Baba ne ya tsaya a kai. Yanzu yana sa maganin ɗigawa a kan lokaci, an hana shi ɗaga abu mai nauyi, an ba shi tabarau. Sabuwar fitinarsa ita ce katin awon jikoki. Duk wadda ta shigo da goyo sai ta nuna masa, ya duba kwanan watan riga-kafi da kansa, har matar Yaya Malam ta fara zagayawa ta ƙofar baya.

Na faɗa maka gaskiya, raina fari ƙal yake kwanakin nan. Da yamma in na biyo na ji ƙarar keken nan tun daga kwanar layi, sai in rage tafiya don in daɗe ina ji. Kai ma ka kwantar da hankalinka, ka bar ɗora wa kanka laifin nisa. Umma na gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci. Gwaggo ta ce in ba ka zo bana ba, ita za ta zo, kuma ka san za ta iya. Yaya Malam da iyalinsa, da Yaya Ƙarama, da Tsakiya da maigidanta, da maigidana da yara duk suna miƙo gaisuwa. Ka gaishe min da ƙanwata mai ɗakinka da kyau, ka shafa min kan yaro. Zan tsaya nan, don akwai wanda ya tsaya a kaina yana jira in ba shi biro. Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka Malama

Auta, ni ne mahaifinka, da hannuna. Yau na ga hoton takwarana sosai. Kunnuwana ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri. Ka aiko min da awonsa zan ɗinka masa riga. Zan bar kalmasa mai faɗi a ƙasa. Duk shekara ku kawo min ita, ni zan warware in ƙara mata tsawo.