Ɗanyen Kifi da Abarba

Daren Laraba, Yelwa.

Da yunwa zan kwana, kuma Yaya Sani ne ya ja mini. Tun da ya samu aiki a madatsar ruwa yake cika mini kunne da rumfar wani kuku da ya taɓa yi wa wani ɗan tsibirin Hawai girki. Na ce wa Inna kada ta rage mini tuwo, muka tafi.

Aka kawo shinkafa da abarba a kai, ga giwan ruwa an yayyanka da gishiri da albasa, ɗanye sharaf. Na ce, "Malam, ka manta ba ka ɗora a wuta ba." Kukun ya ce wai haka ake ci a Hawai. Yaya sai taunawa yake yana runtse ido, yana taka mini ƙafa kada in kunyata shi. Ni ɗan masunta a ba ni abin da muke sa wa ƙugiya.

Da na gaya wa Inna ko kai ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ruwan madatsarsu ya raba mu da garinmu, yanzu kuma da murhu za su raba mu?"

Tukunyar tuwo kuwa an wanke ta tas.